Kwamfuta Ta Ƙirga Bindiga, Wa Zai Ƙirga Harshe?

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai da sun ga kan wannan rubutu za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ɗalibin Hausa da tsarin soja, balle har a kai ga kwamfuta? Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri ya bi ni a sannu. Mu da muke zaune a Maiduguri ba mu da damar cewa maganar soja ba tamu ba ce, musamman mu mutanen Galtimari da muke maƙwabtaka da barikin Giwa. Yadda aka tsara mutum goman nan da ke tsaye a shingen bakin hanya, shi ke yanke ko tsohuwa mai ɗauke da itace za ta wuce lafiya ko za ta yini a rana tana bayanin da ba mai fahimta.

Tambayar da manyan hafsoshin duniya suka daɗe suna kai-kawo a kanta ƙarama ce a baki: mutum nawa ya kamata a sa a ƙaramin rukunin soja, wato wanda kofur ko saje guda yake jagoranta? Su wa da wa za a sa, kuma me kowannensu zai riƙe? Wannan rukuni shi ne tubalin ginin. Irinsa uku ko huɗu ke yin filatun, filatun uku ko huɗu su yi kamfani, kamfanoni su yi bataliya, a haka har a kai ga birged da babbar runduna. Idan tubali ya lalace, komai kyan fenti gini ba zai yi ƙarko ba.

Amsar ba ɗaya ba ce. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan ƙasa na Amurka yana sa mutum 12. Da aka gama yaƙin, a 1946, hafsoshinsu suka yi taro a barikin Fort Benning suka ce 12 sun yi wa shugaba guda yawa, ba ya iya ganinsu duka ko jiyar da su muryarsa idan wuta ta buɗe, don haka suka ba da shawarar a koma 9. Daga baya aka ƙara zuwa 11, sannan a shekarun 1980 aka sake dawowa 9. Sojan kundumbala na ruwa na wannan ƙasa ɗaya sun daɗe a kan 13, wato shugaba da ƙungiyoyi uku masu mutum hurhuɗu. Ingila, wadda Nijeriya ta gaji tsarin sojanta daga gare ta, tana amfani da 8, kashi biyu masu mutum huɗu-huɗu. Kowane adadi da hujjarsa. Idan mutane suka yi yawa, shugaba ya rasa bakin zaren. Idan suka yi kaɗan, da zarar an ji wa ɗaya rauni biyu sun ɗauke shi, rukunin ya zama ba rukuni ba. Ga kuma maganar mota: motar sulke tana da iyakar kujerunta, ba za a ce wa mutum biyu su biyo a ƙasa ba.

Yadda na'urar take aiki

A da, ana warware wannan ne da ƙwarewar tsofaffin soja da kuma atisaye a fili. Yanzu kwamfuta ta shigo. Abin da ake yi, a taƙaice, shi ne kwaikwayon yaƙi a cikin na'ura. Za a zana taswirar wuri da tudunsa da kwarinsa da bishiyoyinsa. Kowane soja za a mai da shi ɗan ɗigo mai ɗauke da lambobi: nisan ganinsa, saurin tafiyarsa, nauyin kayansa, iya harbinsa, yawan harsashinsa, har da yadda yake son kusantar abokan gaba ko maƙalewa jikin 'yan'uwansa. Su ma abokan gaba a yi musu haka. Sai a saki ɗigogin su gwabza. Ba sau ɗaya ba, sau dubbai, domin sa'a da tsautsayi su wanke juna a ga abin da ya fi yawan faruwa. Daga nan a canza abu guda, a ce a cire mutum ɗaya, ko a ƙara bindiga mai jigida, ko a ba su jirgi maras matuƙi, a sake gwabzawa sau dubbai, a kwatanta. Akwai ma dabarar da na'urar da kanta take haɗa tsare-tsare iri-iri, ta zubar da waɗanda suka faɗi, ta gauraya waɗanda suka yi nasara ta fitar da sababbi, kamar dai manomin da ke ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don irin baɗi. Sojan kundumbala na Amurka sun soma wani shiri irin wannan a 1998 mai suna Project Albert, ƙasar Niyu Zilan kuma ta ƙera manhaja mai suna MANA wadda masu bincike a ƙasashe da dama suka yi amfani da ita.

Tushen abin ya girmi kwamfuta. A 1916 wani injiniyan Ingila mai ƙera motoci, Frederick Lanchester, ya fitar da wani lissafi da har yau ake koyarwa a makarantun hafsoshi. Ya ce idan ɓangarori biyu suna harbin juna a fili da makamai iri ɗaya, kowa yana ganin kowa, to ƙarfin kowane ɓangare ba adadin mutanensa ba ne, adadin ne a ninka shi da kansa. Mutum 10 ƙarfinsu 100 ke nan, mutum 5 kuwa 25. Idan suka kara, ba mutum 5 ne za su rage a cikin goman ba kamar yadda hankali zai fara bayarwa, a'a, 8 ne ko 9, domin 100 a ɗebe 25 saura 75, shi kuwa 75 yana tsakanin 8 sau 8 da 9 sau 9. Alal misali kuma, a ce kana da soja 14 ka raba su gida biyu, 7 a wannan ƙauye 7 a wancan. Maƙiyi mai mutum 10 kacal zai iya cinye su ɗaya bayan ɗaya, saboda 49 da 49 sun ba da 98, bai kai 100 ba. Bahaushe ya riga ya faɗa cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma Lanchester ya ƙara da cewa yawan da aka rarraba ba yawa ba ne.

Ban kawo wannan lissafi don burgewa ba. Na kawo shi ne domin mu a Borno mun ga aikinsa da idanunmu.

Abin da muka gani a Borno

A ranar 18 ga Nuwamba 2018 mayaƙan ISWAP suka afka wa sansanin bataliya ta 157 a Metele, arewacin jihar nan, suka kashe sojoji da dama har da kwamandansu, Laftana Kanar Ibrahim Sakaba. Rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, wasu rahotanni suka ce abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Ba Metele kaɗai ba ce, a wannan shekara an yi ta bin ƙananan sansanoni ɗaya bayan ɗaya ana tara musu mutane fiye da kima. Da aka shiga 2019 sai aka sauya dabara: aka janye sojoji daga ƙananan wurare aka tattara su a manyan sansanoni masu ganuwa da rami, daga can za su riƙa fita sintiri. A ma'aunin Lanchester wannan daidai ne, ba tantama. Duk wata manhaja da aka tambaya, "Wane tsari ne zai rage asarar sojoji?" amsar da za ta bayar ke nan.

To, amma fa ba wannan ce kaɗai tambayar ba. A watan Agusta na 2019 mahara suka shiga Gubio da Magumeri suka ƙona gine-gine. A ranar 9 ga Fabrairu 2020 aka kashe matafiya aƙalla 30 a Auno, kan hanyar Damaturu, suna kwance a motocinsu suna jiran gari ya waye a buɗe ƙofar shiga Maiduguri. A ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manoman shinkafa yankan rago a Koshebe, washegari aka yi jana'izar 43 a Zabarmari. Ba ina cewa tattara sojoji ne ya kashe waɗannan bayin Allah ba, waɗanda suka kashe su an san su. Abin da nake cewa shi ne, lissafin da ya ƙirga ran soja bai ƙirga ran manomi ba, zai fitar da amsa mai tsabta wadda ba ta da amfani ga manomin. Kwamfuta ba ta zaɓar abin da za ta ƙirga. Mutum ne yake zaɓa, kuma nan ne gizo yake saƙa.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a yi watsi da na'ura a dogara da tsofaffin hannu kawai. Gwajin da za a yi a cikin kwamfuta ba ya cin ran kowa, wanda za a yi a dajin Alagarno kuwa da jinin 'ya'yan mutane ake biyansa. Ƙasar da take da makarantar hafsoshi a Kaduna tun 1964, da kwalejin Jaji tun 1976, da cibiyar tsara horo da aƙida a Minna, da Jami'ar Soja a Biu tun 2018, ba ta da uzurin ci gaba da amfani da tsarin da ta gada ba tare da ta auna shi da ƙasarta ba. Balle yanzu da abokan gaba suka fara jefo bama-bamai da ƙananan jirage marasa matuƙi, tun ƙarshen 2024. Wa zai tuƙa namu jirgin a cikin mutum goman nan? Wa zai ɗauki batiransa? Idan aka ba shi wannan aiki, bindigar wa aka ajiye? Irin waɗannan tambayoyi kwamfuta ta fi kowa iya jujjuya su.

Damuwata ita ce abin da za a zuba mata. Manhajar da aka gina da filayen Turai ko hamadar Iraƙi ba ta san firgi ba, wato baƙar ƙasar nan ta yankin Dikwa da Ngala da Kala Balge wadda da rani take tsagewa kamar tsohon bango, da damina kuma ta zama taɓon da ke haɗiye tayar mota. Garin Rann kan yanke daga sauran jihar tsawon watanni idan ruwa ya sauka. Rukunin da aka auna shi da kujerun mota, a watan Agusta da ƙafa zai tafi, kuma kayan da motar ke ɗauka a ka za su koma. Mu ma a nan cikin gari, ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumba 2024 ta nuna mana cewa taswirar jiya ba lallai ta zama ta yau ba. Kuma kada mu manta da Rann ɗin nan dai, inda a ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙin ƙasarmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira ya kashe fiye da mutum 90. Bayanin da hedikwatar tsaro ta bayar bayan bincike shi ne, ba a yi wa wurin alamar da ta dace a taswirar aiki ba. Abin da ba a rubuta ba, na'ura ba ta san da shi ba.

Gurbin da babu shi a jadawali

Yanzu na zo kan abin da ya sa na kawo wannan rubutu mujallarmu maimakon in kai shi wani wuri. A jadawalin ƙaramin rukuni akwai gurbin shugaba, da na mataimakinsa, da na mai bindiga mai jigida, da na mai ɗaukar masa harsashi, wani lokaci da mai oba-oba da mai ba da agajin farko. Kowane gurbi an auna nauyinsa da amfaninsa. Ni a ganina akwai gurbi guda da yaƙi irin namu ya wajabta, shi ne na mai jin harshen mutanen wurin.

Dalili kuwa a fili yake. Lissafin Lanchester ya ginu ne a kan cewa kowa yana ganin kowa. Yaƙin da ake yi a Borno tun 2009 akasin haka ne: wahalar ba harbin maƙiyi ba ce, gano shi ne. Wanda ya san an binne nakiya a hanya ba tauraron ɗan'adam ba ne, mai kiwon awaki ne da ya ga baƙin sawu da asuba, ko matar da ta je ɗebo ruwa ta ga ƙasa ta canza launi. Wannan mata da Kanuri take magana, ko Larabcin Shuwa, ko Margi, ko Mafa, ko Glavda, ko Fulatanci. Sojan da ke gabanta mai yiwuwa daga Benuwai ya fito ko Ekiti ko Sakkwato. Idan ba su fahimci juna ba, labarin ya mutu a bakinta, nakiyar kuma tana nan tana jira. A kwamfuta ana ba kowane ɗigo lambar nisan ganinsa, a ce mita kaza. Rukunin da yake da mai jin Kanuri, nisan ganinsa ya kai duk inda mutanen ƙauyen suka taka a makon nan. Wannan ba waƙa ba ce, lamba ce da za a iya sa wa a manhaja a gwada, idan an ga dama.

Mutane da yawa daga wajen jihar nan suna ɗauka cewa kowa a Arewa yana jin Hausa. Ni da na tashi da Kanuri a gida na koyi Hausa a layi da makaranta, na san iyakar wannan zance. A cikin Yerwa gaskiya ne, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha. Amma ka fita kilomita kaɗan, musamman wajen mata da tsofaffi, za ka tarar da Hausar ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Hausar sayen gishiri daban, Hausar da mutum zai kare kansa da ita a gaban mai bindiga yana rawar jiki daban.

Tarihin shekarar 2013 ya ishe mu hujja. An kafa dokar ta-ɓaci a ranar 14 ga Mayu, aka katse layukan waya na tsawon watanni, ga sojoji ko'ina, amma ba a iya raba ɗan ta'adda da ɗan unguwa ba. Abin da ya juya al'amarin shi ne fitowar samarin gari da sanduna, 'yan ƙato-da-gora, waɗanda aka fara jin ɗuriyarsu daga unguwar Hausari, daga baya aka tsara su shiyya goma daidai da shiyyoyin tsaro na birnin. Gora ba ta fi bindiga ba. Abin da samarin nan suka kawo shi ne harshe da sanin fuska da sanin lungu. Da ɗan gari akan ci gari. Wato a aikace an riga an cike gurbin da nake magana, sai dai an cike shi ne daga waje, da mutanen da ba su cikin jadawali, ba su da horon tafinta, alawus ɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba.

Wani abin mamaki shi ne, Turawan mulkin mallaka sun fahimci wannan tun kafin a haifi kakanninmu. Sojan Nijeriya yana ƙirga asalinsa daga 1863, lokacin da John Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko ya ba su makamai. Da Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce ta zama harshen bariki, kuma ana sa hafsoshi Turawa su koye ta har su ci jarrabawa. Daga nan ne muka sami Barikanci, Hausar nan da ba ta damu da bambanta "ya zo" da "ta zo" ba, wadda, in za a faɗi gaskiya, ba ta da nisa sosai da wadda ake ji a Kasuwar Litinin. Daga nan kuma kalmomi irin su kurtu da kofur da saje da samanja da hafsa da fareti suka shigo Hausa suka zauna daram. Ba don ƙaunar Hausa suka yi haka ba, sun gane ne cewa umurnin da ba a fahimta ba, ba umurni ba ne. Kafin su ma, Hausa ta ari sarautun yaƙi da mulki daga Borno: Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla. Sunan unguwarmu kansa, Galtimari, ma'anarsa wurin Galtima, wato Galadima, wanda a daular Borno shi ke tsaron iyakar yamma daga Nguru.

A watan Nuwamba na 2017, zamanin Laftana Janar Tukur Yusuf Buratai, rundunar sojan ƙasa ta ba da sanarwar cewa kowane soja ya koyi Hausa da Yarabanci da Ibo kafin ƙarshen 2018, har da alƙawarin alawus ga wanda ya ƙware. Niyya ce mai kyau, kuma don haɗin kan cikin bariki tana da amfani. Sai dai ka duba jerin da kyau. A lokacin da aka fitar da shi, yaƙi mafi zafi da ƙasar ke yi a ƙasar Kanuri da Shuwa ake yin sa, amma babu ko ɗayansu a ciki. An tsara manufar ne don soja ya ji soja, ba don soja ya ji mutanen da aka turo shi ya kare ba. Kuma neman kowa ya koyi harsuna uku a shekara guda, mu ɗaliban harshe mun san abin da ke cikinsa. Ya fi sauƙi, ya kuma fi arha, a tabbatar kowane rukuni yana da mutum guda da ya iya harshen wurin sosai, da a ce mutum goma kowa ya haddace gaisuwa.

Abin da za a ce mini

Na farko za a ce, ai waya ma tana fassara yanzu. Gaskiya ne Google Translate ya sa Hausa tun 2013, ya kuma ƙara Kanuri a 2024. Amma yawancin wuraren da ake wannan aiki ba sabis, kuma ina Glavda, ina Larabcin Shuwa kamar yadda ake furta shi a Kala Balge? Ko da an magance wannan, tsohon da yake tsoron a gan shi yana magana da soja ba zai tsaya yana yi wa waya dogon bayani ba. Da habaici zai yi, ko karin magana, ko ya yi shiru a inda ya kamata ya amsa. Mai jin harshe yakan ji har shirun.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Tafinta mutum ne mai iko. Idan shi kaɗai ne gada tsakanin bindiga da ƙauye, zai iya sayar da mutum saboda tsohuwar gaba ta gona ko ta aure. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun rubuta ƙorafe-ƙorafe masu yawa a kan wasu 'yan ƙato-da-gora, kuma bayan harin da aka kai barikin Giwa ranar 14 ga Maris 2014, ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe fiye da mutum 600, akasarinsu tsararrun da suka tsere. Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a tuna mana wannan rana. Bugu da ƙari, ɗan gari da aka san yana yi wa soja tafinta, iyalinsa suna cikin haɗari. Amma ni a wurina wannan hujja ce ta a shigar da gurbin cikin tsari, ba ta a bar shi a waje ba. Wanda yake cikin jadawali yana da lamba, yana da horo, yana da wanda zai tuhume shi, ana iya tura shi ƙaramar hukumar da ba tasa ba, kuma ana iya naɗar abin da ya fassara wani ya sake saurara. Wanda aka ɗauko a bakin hanya ba ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na uku za a ce amana da fahimta ba a iya mai da su lamba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma Amurkawa sun ɗanɗana. A 1967 suka fara wani tsari a Biyetnam na auna ƙauyuka da kwamfuta, inda kowane wata mashawartansu ke cike takarda a ba ƙauye maki daga mai cikakken aminci zuwa wanda ya kuɓuce. Alƙaluma suna ta nuna ci gaba, sai ga gagarumin harin Tet a Janairun 1968. Da yawa daga masu cike takardun ba su jin harshen ƙauyukan da suke aunawa. Darasin da na ɗauka a nan ba wai kada a auna ba ne, a'a, a duba wa yake aunawar da kuma da wane kunne ya ji.

Ina namu aikin?

Kowace manhaja da bayanai take rayuwa, kuma wani kaso na bayanan nan aikin masu nazarin harshe ne tsantsa. Ɗauki sunayen wurare. Akwai Gamboru a cikin Maiduguri, akwai Gamboru ta bakin iyakar Kamaru. Bulabulin kuwa ba a magana: a Kanuri ma'anarsa sabon gari, don haka akwai shi a cikin birni, akwai shi a hanyar Damboa, kamar dai yadda Sabon Gari ya cika ƙasar Hausa. Gari guda za ka gan shi an rubuta Monguno a wata takarda, Mongonu a wata. Ga ɗan gari wannan ba komai ba ne, yana ganewa daga zancen. Ga na'ura kuwa, ko ta ɗauki gari ɗaya a matsayin biyu, ko ta ɗauki biyu a matsayin ɗaya, kuma ƙarshen wannan kuskure motar agaji ce ko ta soja ta nufi inda ba a kira ta ba. Kundin sunayen garuruwa da ƙauyukan Borno, da yadda masu wurin ke furta su, da duk rubuce-rubucen da aka taɓa yi musu, aiki ne da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya rabawa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma a matsayin kundin digiri.

Haka nan taswirar harsuna: a wace gunduma wane harshe ya fi yawa, mata da wanne suke magana, kasuwa da wanne ake ci, kuma yaya gudun hijira da komawa gida suka sauya wannan. Idan babu wannan taswira, ko an yarda da gurbin tafinta ba za a san wa za a tura ina ba. Sai kuma ƙamus na aiki. Muna da Bargery na 1934, da ƙamusun Kanuri na Cyffer da Hutchison na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, amma abin da kofur yake buƙata a aljihunsa ɗan littafi ne mai jimlolin shinge da na asibiti da na gona, Hausa da Kanuri da Shuwa gefe da gefe, tare da bayanin yadda ake yi wa dattijo magana da yadda ake tambayar matar aure ba tare da an ci mutuncin gidan ba.

Na san akwai 'yan'uwa da za su ji ƙyamar a ce iliminsu ya shiga hannun masu ɗamara, kuma ina girmama wannan. Jami'armu ba baƙuwar wannan yaƙi ba ce: a ranar 16 ga Janairu 2017 bam ya tashi a masallacin rukunin gidajen malamai ya kashe Farfesa Aliyu Mani, a shekarar kuma aka haƙa ramin kilomita 27 a gefen makarantar. Wanda ba ya son aikinsa ya je bariki, kundin sunaye da taswirar harsunan nan dai su ne ma'aikatan lafiya da na agaji da masu kwance nakiya suke nema. Abin da zan roƙi shugabannin ƙungiyarmu shi ne su kai maganar gaban malamanmu na sashen Hausa da na Kanuri a wannan zangon karatu, kafin 'yan ajin ƙarshe su gama zaɓar batutuwan kundinsu, kuma a fara da Jere da Konduga da Mafa, tunda su ne ɗalibi zai iya zuwa ya dawo a yini guda.